"Ya Fi" da "Bai Kai Ba" a Turancin Ingilishi

Filinmu na wannan mako ya taɓo kwatanci ne a Turancin Ingilishi, wato yadda ake cewa wannan ya fi wancan, ko bai kai shi ba. Mun rubuta shi don wanda shirin ya wuce shi yana ruga ko yana kan hanya.

Wani zai ce, me ya haɗa mutumin Garwa da Ingilishi, tun da kasuwarmu Fillanci da Hausa take ji, ofis kuwa Faransanci? Hanyar Yola da ta Mubi ce ta haɗa su. Yola dama ƙarƙashin Ingila ta taso, yankin Mubi kuma ya shiga Najeriya bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, saboda haka takardar hukuma da za a miƙo maka a can da Ingilishi take. A nan Kamaru ma harshen hukuma ne tare da Faransanci, kuma mai kai shanu ko albasa kudu zai gamu da mutanen Bamenda da Kumba. Shi ciniki kuwa kusan dukansa kwatanci ne: wanne ya fi nauyi, wanne ya fi araha, wa ya fi taya.

To, ga inda harsunan suka raba hanya. Bahaushe yana da "fi", Bafillace yana da "ɓuri". Mu muna ambaton abu na farko, mu ambaci na biyu, sa'an nan mu kawo siffar a ƙarshe: wannan sa ya fi wancan girma. Turancin buroka ma kusan haka yake, da kalmar "pass": "Dis cow big pass dat one." Shi ya sa buroka ba ya wahalar da mutanenmu. Amma Ingilishin takarda da na ofis ba shi da wannan kalma guda. Siffar yake sa wa wutsiya, ya dasa ta a tsakiya, ya bi ta da "than": "This bull is bigger than that one." Big ya zama bigger, cheap ya zama cheaper, heavy ya zama heavier. In kalmar doguwa ce ba a sa mata wutsiya, sai a kawo "more" kafin ita: more expensive, ya fi tsada. Wanda ya yi lakwal a nan zai ga ya yi kama da "plus cher que" na Faransanci, kuma daga nan ne ake jin wasu suna cewa "more cheap". A kasuwa za a gane ka, ba wanda zai fasa sayen gudali don ka karya nahawu. Akwai wasu kalmomi da ba sa bin wannan tsari, sai dai a haddace su: good yana komawa better, bad yana komawa worse.

Abin lura shi ne, wanda aka fara ambata shi ne mai siffar. In direba ya ce maka "Mubi is cheaper than Yola", a Mubi arahar take. Wanda ya zo bayan "than" shi aka fi.

"Ya kai" kuma shi ne "as" sau biyu, siffar tana tsakani: "as big as", ya kai shi girma. In an sa "not" a gaba ya zama "bai kai ba". A nan fa a buɗe kunne. Mai saye zai duba karsanarka ya ce "She is not as fat as the other one." Kai ka ji "fat", ka ji daɗi, ka ɗauka yabo ne, alhali kushe yake yi, shimfiɗar rage kuɗi ce. Haka "less": duk inda ka ji ta, ƙasa ake yi. "Less expensive" araha yake nufi, ko da kalmar tsada ta fito a ciki.

Yanzu ga wurin da kuɗi ke zurarewa, wato inda kwatanci ya haɗu da lamba. Ku dubi waɗannan biyu: "more than ten cows" da "ten more cows". Kalmomin kusan ɗaya ne, wurin zamansu ya bambanta. Na farko, shanu fiye da goma, ko sha ɗaya ne ya yi. Na biyu, ƙarin goma a kan waɗanda aka riga aka kawo. Ka ga in mahauci ya bugo waya daga Yola ya faɗi na biyu, kai ka ji na farko, lodin mota ya ɓaci ke nan.

Na kuɗi ya fi wannan ciwo. "Five thousand less" yana nufin a rage dubu biyar daga farashin da ka faɗa. "Less than five thousand" yana nufin kuɗin gaba ɗaya bai kai dubu biyar ba. In kuna maganar la'adar dillali ko kuɗin lodi, tsakanin biyun nan akwai rami mai zurfi. Dabara ita ce a nemi "than". In tana nan kafin lambar, iyaka ake gaya maka, sama da kaza ko ƙasa da kaza. In lambar ce ta fara zuwa, ƙari ne ko ragi. Kuma a tambaya, dubu biyar ɗin na wane kuɗi? Sefa tamu a ɗaure take da yuro, ba ta motsi a kansa, naira kuwa kasuwa ke juya ta. "Cheaper" na watan jiya ba lalle ya zama na yau ba in ka je wurin 'yan canji.

A takardun kwastan da na malaman dabbobi za ku riƙa ganin wasu guda huɗu. "Not more than" da "at most" ɗaya ne: kada ya wuce. "Not less than" da "at least" ɗaya ne: kada ya gaza, wato aƙalla. In an rubuta "not more than twenty", ashirin cif ya shiga. In an rubuta "less than twenty", ko "fewer than twenty" ga abin da ake ƙirgawa kamar shanu, ashirin bai shiga ba, sha tara ce iyaka. Saniya ɗaya tak ta isa ta tsayar da mota a shingen hanya, dabbobi suna cikin rana.

Sai "mafi", wanda ya fi duka: the biggest, the cheapest, the most expensive, the best. Wannan ba shi da wuya. Sai dai "best price" a bakin ɗan kasuwa ba ya nufin ya fi na kowa sauƙi, cewa yake yi nan ya tsaya, kamar "last price". Kai ma kana da taka amsar: "I can get it cheaper in Pitoa", zan same shi da araha a Pitowa. In kana son ya ƙara taya maka, ka ce "Give me a better price." Ka tuna dai "better" ɗin mai sayarwa sama yake nufi, na mai saye kuwa ƙasa, don haka a bi shi da lamba, a faɗe ta sau biyu, in da hali a rubuta a waya a nuna wa juna kafin a ce an sallama.