Yadda Ake Yi wa Nadama Fuska a Fim ɗin Katun

Marubuci na iya cewa wane ya kwana zuciyarsa na zarginsa, mai karatu ya gane. Mai shirya fim kuwa dole sai ya nuna, domin kyamara ba ta leƙa ƙirji. Shi ya sa masu katun suka daɗe suna yi wa abin da ke cikin zuciya jiki da murya, ya fito fili ya yi magana da mai shi.

A littafin Pinocchio da Carlo Collodi ya fitar a Italiya a 1883, wani gyare mai magana ya yi wa ɗan tsanan katako nasiha, shi kuwa ya jefe shi da guduma ya kashe. Daga baya fatalwar gyaren ta dawo tana yi masa gargaɗi. Da kamfanin Disney ya mai da labarin fim a 1940, sai ya sassauta, gyaren ya zama Jiminy Cricket, aboki mai hula da lema. Kamfanin Pixar ya faɗaɗa dabarar a fim ɗin Inside Out na 2015, inda Murna, Baƙin Ciki, Tsoro, Fushi da Ƙyama ke sarrafa tunanin wata yarinya. Kashi na biyu a 2024 ya ƙara Fargaba, Hassada, Kunya da Gundura, amma Nadama ba ta samu kujera ba.

Yanzu ƙirƙirarriyar basira ta shigo harkar. A 2023 reshen Netflix na Japan ya saki gajeren fim, The Dog & The Boy, wanda na'ura ta taimaka wajen zana wuraren da labarin ke gudana, abin da ya harzuƙa masu zane da yawa. Manhajoji irin su Runway, da Sora da OpenAI ya sanar a 2024, suna mai da rubutu hoto mai motsi, har mutum ɗaya na iya haɗa gajeren katun a ɗakinsa.

Sai dai na'urar daga ɗimbin hotunan da aka ciyar da ita take koyo, kuma abin da ya fi yawa a cikinsu shi take mayarwa. Ka ce ta zana nadama, galibi za ta ba ka baƙar inuwa ko dodo tsaye a kan mutum mai sunkuyar da kai. Masana halayyar ɗan'adam, tun daga Helen Block Lewis a 1971 zuwa June Tangney, sun bambance abu biyu. Nadama tana kallon aikin da aka yi, tana tura mutum ya nemi afuwa ya gyara. Tsanar kai tana hukunta mutum gaba ɗayansa, tana sa shi ɓuya. Dodo mai farauta hoton na biyun ne, kuma yaron da ya kalla zai ɗauka maganin laifi shi ne gudu.

Akwai wani aibin na'urar da gwani zai iya juyawa ya zama riba. Sau da yawa takan kasa riƙe kamannin tauraro ɗaya daga fitowa zuwa fitowa, fuska ta canza, tufafi su sauya. Ga jarumin labari wannan ɓarna ce, amma ya dace da nadama, wadda yau takan zo da fuskar wanda aka cuta, gobe da muryar uwa.

Zaɓin yana hannun mai shirya fim. Shi zai yanke ko Nadama ta ƙara girma duk lokacin da aka yi ƙarya, ko ta ragu idan an mayar da haƙƙi. Iyaye ma suna da ma'auni: idan yara sun gama kallo, a tambaye su abin da Nadama ta nemi jarumin ya yi. In sun iya faɗin wanda ya kamata a bai wa haƙuri, fim ɗin ya isar da saƙo.