Shin akwai laifi idan ban sa ɗana mai shekara uku a makaranta ba?

Tambaya

Ina da yara biyu, mace 'yar shekara biyar da namiji ɗan shekara uku. Babbar tana zuwa Islamiyya da yamma, ƙaramin kuwa yana gida tare da ni. Maƙwabtana sun sa nasu a makarantar renon yara tun suna shekara biyu, wasu har suna ƙirga ɗaya zuwa ashirin da Turanci, nawa kuwa ko alifun bai sani ba. Maigidana ya ce a bari sai ya ƙara wayo, ga kuɗin ma da tsada. Shin muna tauye masa haƙƙi? Kuma me zan koya masa a gida, alhali ni ba malama ba ce?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

'Yar'uwa mai tambaya, babu laifi a kanku. Shari'a ba ta yanke wata shekara da ta wajabta a kai yaro aji a cikinta ba. Kai ɗan shekara uku makaranta halal ne, barinsa a gida ma halal ne, kuma abin dubawa shi ne maslahar yaron da ƙarfin iyayen. Abin da ya wajaba a kanku shi ne tarbiyyarsa, kuma wannan ta fara tun ranar da aka haife shi. Yanzu haka yana cikin karatu, ko kun lura ko ba ku lura ba, domin yaro mai waɗannan shekaru yana koyo ne daga abin da yake maimaituwa a gabansa kullum: lokacin tashi, yadda ake zama a ci abinci, abin da ake yi idan aka ji kiran salla, muryar da uba yake yi wa uwa magana da ita.

Ki duba hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, wanda a cikinsa Annabi (SAW) ya umarci iyaye su umarci 'ya'yansu da salla idan sun kai shekara bakwai, su tsananta a kanta idan sun kai goma. Salla ita ce mafi girman aiki bayan shahada, amma duk da haka ba a ce a fara umarni da ita ba sai a shekara ta bakwai. Sannan aka bar shekara uku cur tsakanin umarni da tsanantawa, wato sama da salloli 5,000 da za a yi ta tunatar da yaro a kansu. To idan salla ke nan, yaya kuma haruffa da lambobi? Shekarun da suka gabaci bakwai shekarun gani ne da kwaikwayo da sabo. Yaron da ya tashi yana ganin mahaifiyarsa ta ajiye aiki ta ɗauki buta da zarar an kira salla, ranar da aka ce masa ya tashi ya yi, ba baƙon abu aka kawo masa ba.

Amfanin tsarin gida ga ƙaramin yaro yana da dalili mai sauƙin ganewa. Ɗan shekara uku bai san agogo ba, bai san ma'anar "anjima" ko "gobe" yadda babba ya sani ba. Da jerin abubuwa yake gane lokaci: bayan wanka sai koko, bayan azahar sai kwanciya, idan Baba ya dawo daga masallaci da magariba sai tuwo. Idan jerin nan ya tabbata, yaro yana sanin abin da ke zuwa, hankalinsa ya kwanta, rigimarsa ta ragu, domin da yawa daga kukan da muke kira taurin kai, yunwa ce ko barci da suka wuce lokacinsu. A cikin wannan jeri ne kuma yake koyon jira. Wanda ya saba cewa ba a ci sai an wanke hannu an zauna an yi bismilla, ya koyi riƙe kansa na ɗan lokaci alhali abinci na gabansa, kuma da wannan riƙe kai ne zai iya zama a aji nan gaba ya saurari malami.

Gidan Musulmi kuwa ba ya buƙatar ƙirƙiro jadawali. Salloli biyar sun riga sun raba yini, saura kawai a rataya al'amuran yaro a jikinsu. Alƙur'ani ma ya yi magana a kan tsarin yini a cikin gida: aya ta 58 a Suratun Nur ta umarci yaran da ba su balaga ba su nemi izini kafin su shiga wurin iyaye a lokuta uku, kafin sallar asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan sallar isha'i. Ma'ana ana sa ran yaro ya san cewa lokuta sun bambanta, kuma kowanne da ladabinsa. Haka nan Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir (RA) umarnin a tsare yara a gida idan almuru ta yi.

Mafi muhimmancin abin da za ki fara gyarawa shi ne barci, domin komai a kansa yake tafiya. A shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 game da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare, ɗan shekara uku zuwa huɗu kuwa awa 10 zuwa 13, har da na rana, kuma a lokutan da ba sa canzawa. Yi lissafi da kanki. Yaron da yake zaune a gaban talabijin tare da manya har ƙarfe sha ɗayan dare, sannan a tashe shi ƙarfe shida don kada motar makaranta ta wuce, awa bakwai ya samu. Irin wannan ko an kai shi makarantar da ta fi kowace tsada, gyangyaɗi da rigima zai je yi. Kwanciyar yara da wuri tsohon abu ne a wannan al'umma: a hadisin A'isha (RA), daren da Annabi (SAW) ya jinkirta isha'i, Umar (RA) ya yi masa magana cewa mata da yara sun riga sun yi barci.

Ki sa wa kwanciyar tsari ɗaya da ba ya sauyawa. A kai shi ya yi fitsari, a wanke masa baki da ƙafa, a saki gidan sauro, ki zauna kusa da shi ki yi masa tatsuniya ɗaya ko ɗan labarin wani Annabi, sannan ki karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafin hannu ki shafa masa, kamar yadda Bukhari ya ruwaito Annabi (SAW) yana yi wa kansa kowane dare. Kada ki ce masa ya maimaita. Bayan wasu watanni za ki ji yana riga ki ƙarasa ayoyin, kuma ranar da kika manta shi zai tuna miki. Haddar farko ta yawancin yara haka take samuwa, ta kunne, kafin su san allo.

Sai zaman cin abinci. Umar ɗan Abu Salama (RA) yaro ne da ya tashi a hannun Annabi (SAW), domin mahaifiyarsa Ummu Salama matar Annabi ce. Ya ba da labarin yadda hannunsa yake yawo a cikin akushi, sai Annabi (SAW) ya koya masa abu uku: ambaton sunan Allah, ci da dama, da ci daga gabansa. Ya ce tun daga ranar haka cinsa ya kasance. Abin lura shi ne wurin da aka yi darasin. A bakin akushi aka yi shi, lokacin da abin yake faruwa, da kalmomi kaɗan, kuma babban yana zaune tare da yaron. Gidan da ake zuba wa yaro a roba a miƙa masa waya don ya yi shiru ya ci, ya rasa wannan dama sau uku a kowace rana. Hukumar da muka ambata ba ta ba da shawarar a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban waya ko talabijin ba sam, ɗan biyu zuwa huɗu kuwa kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi.

Game da cewa ke ba malama ba ce, aikin da kike yi kullum ya ishe ki abin koyarwa. Ki ce ya ɗebo miki albasa uku, ya miƙo babban ludayi ba ƙarami ba, ya ware wake daga tsakuwa, ya jera takalman mutanen gida daga na Baba zuwa nasa. Ƙirga ke nan da kwatanta girma da rarrabewa, kuma yaron da ya san cewa uku tana nufin albasa uku a hannunsa ya fi wanda ya haddace ɗaya zuwa ashirin kamar waƙa bai san me suke nufi ba. Ki yawaita yi masa magana da harshen da kika fi iyawa, ki faɗa masa sunan abin da kike yi, ki tambaye shi, ki jira ya amsa. Ki ba shi ƙaramin aiki da zai zama nasa kullum, kamar naɗe tabarma ko zuba wa kaji tsaba. Zai ɓata, zai zubar, aikin zai ɗauki ninkin lokacinsa; wannan shi ne kuɗin makarantar da kike biya. Ki kuma bar shi ya yi wasa sosai a tsakar gida, ya gudu, ya yi gini da ƙasa. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya yi gargaɗi cewa hana yaro wasa da takura masa da karatu kullum yana dusashe masa basira, ya sa ya tsani karatun.

A nan akwai kuskuren da masu son tsari suke faɗawa, wato su mai da gida kamar barikin soja. Tsari shi kaɗai ba ya raina yaro. Bayan faɗuwar gwamnatin gurguzu a Romaniya a 1989, duniya ta ga gidajen marayun ƙasar, inda ake ciyar da jarirai da yi musu wanka a kan jadawali, amma ma'aikaciya ɗaya ga yara masu yawa, babu mai ɗauka, babu mai yi musu magana. Wani bincike da masana daga Amurka suka fara a birnin Bukares wajen shekara ta 2000 ya bibiyi yara 136 daga waɗannan gidaje, aka mai da kimanin rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda suka koma cikin iyali sun fi waɗanda aka bari ci gaba a fahimta da magana da shaƙuwa, musamman waɗanda aka ɗauke kafin su cika shekara biyu. Abin da ya amfane su shi ne mutum tabbatacce da yake amsa musu idan sun yi kuka ko sun yi gwaranci. Sunna ma haka ta nuna. Annabi (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta, kuma yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro don tausayin mahaifiyarsa. Saboda haka idan yaro ba shi da lafiya, ko an yi baƙi, ko an yi tafiya, ko azumi ya juya lokutan gida, a sassauta, daga baya a koma. Kuma ba a dukan ɗan shekara uku a kan ya ƙi zama ko ya kasa riƙe karatu. Alƙalami ma bai hau kansa ba.

Wani abu da yake rushe duk wannan shi ne alƙawarin ƙarya. "Yi shiru, yanzu zan dawo," alhali sai dare. "Zo ka karɓa," alhali hannu wayam. Abu Dawud ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi da cewa za ta ba shi wani abu, Annabi (SAW) yana gidan, sai ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Yaro yana yarda da "bayan la'asar za mu fita" ne idan ya saba ganin an fita ɗin.

Maigida kuma, tunda shi ya ce a bari yaro ya ƙara wayo, to ya san cewa yana da rabo a wannan jiran. Ya ɗauki abu ɗaya ko biyu su zama nasa: cin abincin dare tare da yaran, ko addu'ar kwanciya, ko sauraren abin da babbar ta karanto a Islamiyya. Idan gidan yawa ne, ku yi magana da kakanni da sauran matan gida cikin ladabi a kan abubuwa kaɗan da ba kwa son a saɓa, kamar lokacin kwanciya da ba da waya. Sauran ku kau da kai, domin zaman yaro da kakarsa alheri ne babba.

Idan daga baya kuka ga kai shi makarantar, ko aiki ya tilasta, ku je ku gani da idonku kafin ku biya: yara nawa ne a hannun malama ɗaya, ana barinsu su yi wasa, ana dukansu, akwai ruwa da banɗaki mai tsabta, kuma wane irin ladabi ake koya musu. Rabin yini ya ishi mai shekara uku.

Abu ɗaya ne ba a jira a kansa. Yawancin yara suna haɗa kalma biyu wajen shekara biyu. Idan ɗanki ya kai uku bai haɗa ba, ko ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ko ya daina faɗin kalmomin da ya iya a da, ku kai shi asibiti a duba shi, musamman jinsa, kada ku tsaya ga cewa wane ma bai yi magana da wuri ba.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sanya su sanyin idanunmu.

Allah ne mafi sani.