Labarin Ƙungiyar Naam Ta Manoman Yatenga

Yatenga wani lardi ne a arewacin ƙasar Burkina Faso, babban garinsa Wahiguya. Ƙasa ce ta gero da dawa, mai fako da tsakuwa, ruwan samanta kuwa ba shi da tabbas. A can ne manoma suka kafa wata ƙungiya da ake kira Naam tun cikin 1967, sa'ad da sunan ƙasar Haute-Volta, ga shi ta haura shekara hamsin ba ta watse ba. Duk wanda ya taɓa zuba kuɗinsa cikin jam'iyyar manoma, ya ga ta mutu kafin kaka biyu, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda ya assasa ta malamin makaranta ne, sunansa Bernard Ledea Ouedraogo, an haife shi a Gursi cikin 1930. Da ya koma aikin koyar da samarin ƙauye noma, sai ya tarar jam'iyyun gama kai da gwamnati ke kafawa ba su yin ƙarko. Mutane su rubuta suna don a ba su garma da jaki bashi, in kaya ya shiga hannu sai kowa ya kama gabansa. Maimakon ya ɗora wa manoma laifin taurin kai, kamar yadda ma'aikata suka saba, sai ya shiga ƙauyuka yana tambayar dattawa yadda mutane ke haɗa hannu tun kafin zuwan Turawa.

Abin da ya samo shi ne al'adar Mosawa da suke kira kombi-naam, watau sarautar samari. Ta yi kama da gayya, sai dai ita ta damina ce ɗungum. Samari da 'yammata sa'o'in juna su naɗa shugabanninsu, su bi gonakin mutanen gari suna noma, a sallame su da hatsi ko gyaɗa, da kaka su yi biki su cinye. A cikinta ɗan sarki bai fi ɗan maƙeri ba, kowa da fartanyarsa. Malamin ya riƙe wannan tsari, abu biyu kurum ya sake: ƙungiya ta zauna shekara da shekaru, manya su shigo, sa'an nan abin da aka tara ya tafi ga aikin gari maimakon biki.

Da fari abin bai yi gudu ba. Farin 1973 ne ya sa mutane suka waiwaye shi, gama shanu sun mutu, rumbuna sun ƙone ƙurmus. Cikin 1976 shi da wani Bafaranshe, Bernard Lecomte, suka kafa wata hukumar neman gudummawa mai suna Six-S, manufarta a ci moriyar rani. Dalili kuwa, wata bakwai ko takwas manomi na zaune ba aiki, majiya ƙarfi duk sun tafi cin rani Kwaddibuwa. Kuɗin da hukumar ke samowa ba a ƙayyade wa ƙauye abin da zai yi da su, sai dai ya fara aikin da gumin kansa tukuna. Bayan yunwar 1984 ƙungiyoyin Naam suka kai dubbai.

Aikinsu na rani mafi nauyi shi ne tare ruwa. Ana auna gona da doguwar tiyo mai ruwa a ciki, ɗaure da sanda biyu masu alama, don a gano wuraren da tudunsu ya zo daidai. Bisa wannan layi ake jera duwatsu. In ruwa ya kwararo sai ya rage gudu, ya nutse, ya bar laka da dattin da ya kwaso a bayan jerin. A kan fako kuma su haƙa ƙananan ramummuka da suke kira zai, faɗinsu kamar taƙi ɗaya, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu tun da rani. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwan fari ya taru a ramin, a shuka gero a ciki. Wannan dabarar ta manoman Yatenga ce baki ɗaya, ba ta 'yan Naam kaɗai ba. Cikin 1989 waɗansu manoman Illela ta jihar Tawa suka je suka gani da idonsu, suka komo suka inganta nasu ramukan da ake kira tassa. Ban da wannan sun gina madatsun ruwa da hannu, mata na jidar dutse a ka, suka yi lambunan albasa da tumatir da dankalin Turawa a gefensu.

Ba kome ne ya tafi daidai ba. Sun kafa rumbunan tsimi a ƙauyuka: a sayi hatsi da kaka yana araha, a sayar wa 'yan gari da bazara ƙasa da kuɗin kasuwa. Shawara ce mai kyau, amma bashi ya karya da yawansu. Mai riƙon mabuɗi ba ya iya hana kawunsa mudu goma, kawu kuwa ba ya biya, shekara ta kewayo ba jarin sayen wani hatsin. Bayan shekarar 2000 suka sake tsari. Aka rage ba da bashi, aka koma kuɗi hannu, aka ƙara wake da gishiri da mai cikin kayan sayarwa don ciniki ya gudana duk shekara, aka kuma sa mata da yawa cikin riƙon asusu. Ya kamata ma'ajin kowace jam'iyya da akawunta su dubi wannan wuri da kyau.

An ba Ouedraogo lambar girma ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin cikin 1990, ya kuma riƙe magajin garin Wahiguya. Ya rasu cikin 2017. Tun daga wajen 2019 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka masu yawa a arewacin ƙasar, manoma da dama suka bar gonakin da suka yi shekaru suna jera wa dutse, suka yi gudun hijira zuwa Wahiguya, inda babban ofishin tarayyar ƙungiyoyin yake.