Kasuwar Dinya ta Notingham: Asalinta da Matsayinta a Yau

Gabatarwa

Ɗalibin da karatu ya kai shi birnin Notingham na ƙasar Ingila, da wuya ya cika wata guda bai ji ana zancen wani gagarumin taro da ake yi a farkon Oktoba ba. Ma'anar sunan taron a Hausa ita ce Kasuwar Dinya. Dinya a nan tsuntsuwar ruwa ce, 'yar'uwar agwagwa, kada a rikita ta da ɗinya, itaciyar nan mai baƙaƙen 'ya'ya. Sai dai baƙon da ya je ba zai tarar da ana cinikin dinya ko ɗaya ba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda sunan ya samo asali, da yadda ya wanzu bayan abin da ya haife shi ya gushe.

Asalin Kasuwar

Wata takarda da Sarki Edward na Ɗaya ya bai wa birnin a 1284 ta ambaci wannan kasuwa, watau ke nan ta girmi takardar. A lokacin tana fara ci ne ranar 21 ga Satumba, ranar da Kiristoci ke tunawa da Matiyu. Sunan dinya kuwa ya bayyana a rubuce cikin littattafan hukumar birnin a 1541.

Dalilin sunan yana tattare da noma. Bayan an girbe hatsi, manoma kan saki dinya cikin gonaki ta yi kala har ta yi ƙiba. Wannan ya yi daidai da ranar 29 ga Satumba, ranar Mala'ika Mika'ilu a wurinsu, wadda a cikinta ake biyan kuɗin hayar gona, kuma al'ada ce a gasa dinya a ci. Don haka sai makiyaya su koro ta garke-garke a ƙasa daga lardin Linkon. An ce sukan bi da ita ta cikin kwalta da yashi tukuna, domin ƙafafunta su jure tafiyar.

Sauye-sauye

A 1752 Ingila ta gyara kalandarta, ta tsallake kwana 11, sai kasuwar ta koma farkon Oktoba. A wannan ƙarni cuku ne ya fi kasuwa a wurin. Har ma a 1766 tsadarsa ta ta da tarzoma, talakawa suka wawashe rumfuna, sai da aka kira soja. Wannan ya nuna cewa a zamanin abincin jama'a ya dogara ga abin da aka sayar a nan.

Jirgin ƙasa ya iso Notingham a 1839, kantuna kuma suka yawaita. Tun da mutum yana iya sayen abin da yake so kullum, babu sauran bukatar ya jira kasuwar shekara. Ciniki ya ja da baya, masu wasanni suka maye gurbin fatake, da lilo mai aiki da injin tururi, da nunin namun daji, daga baya kuma da majigi. A 1928 aka tashe ta daga dandalin tsakiyar gari zuwa wani faffaɗan fili a arewacinsa, inda take ci har yanzu. Annoba ta hana ta ci a 1646, haka kuma yaƙe-yaƙen duniya biyu sun katse ta, sannan cutar korona a 2020 da 2021. Da ta dawo a 2022, kwana 10 aka yi ana shagali.

Abin da Baƙo Zai Tarar

Da dare ne taron ya fi armashi. Fili kan cika da fitilu masu launi, da kiɗa, da liluna iri-iri, wasu na juyi, wasu na cilla mutum sama. Abincin da aka san taron da shi shi ne koren wake da aka dafa ya yi luguf, a zuba masa romon na'a-na'a, sai kuma wata alewa mai siffar zakara a kan tsinke. Iyaye kan zo da 'ya'yansu kamar yadda su ma aka zo da su.

Matsalar Suna a Hausa

In Bahaushe ya tashi ba da labarin wannan taro, sai kalma ta gagare shi. In ya ce kasuwa, ya faɗi asali amma ya saɓa wa abin da ido ya gani. In ya ce baje koli, ya jawo hankali ga nunin hajja, alhali kuwa ba shi ne ya tara jama'a ba. Kalankuwa ta fi kusa, domin ita ma shagali ce ta bayan girbi, lokacin da rumbu ya cika kuma aljihu ya yi nauyi. Amma kalankuwa tana tafe da noma har gobe, ita kuwa wannan ta daɗe da rabuwa da shi.

Haka ma kalmar kaka. Lokutan biyu sun haɗu a wata da kuma girbi, amma kakar Hausa tana buɗe ƙofar rani ne, ta Ingila kuwa ganye ke zuba, yini ya gajarta, ga yayyafi da sanyi.

Kammalawa

Abin da ya fi dacewa shi ne a bar wa taron sunansa na Kasuwar Dinya, a biyo shi da bayani. Mutanen Notingham da kansu haka suka yi, sun riƙe sunan shekaru aru-aru, shi ne kuma yake tuna wa mai nazari cewa wannan filin wasa da can wurin neman abinci ne.