Ginin da Ya Tsaya a Linta

A ƙasar Birnin Gwari kowa ya san lokacin gini. Sai an kwashe amfanin gona, masara ta shiga buhu, 'yan kasuwa sun zo daga Kaduna da Funtuwa sun ɗora, sannan za ka fara jin ƙarar tifa tana zube yashi a bayan gari. Manomin da kaka ta yi wa kyau yakan ware kuɗin buhu goma ko ashirin ya buga bulo. Baɗi ya kai ginin linta. Idan Allah ya sake ba da damina mai albarka, a wata shekarar ya ɗora kwano. Shi ya sa idan ka tsaya ka dubi bangon irin wannan gida da kyau, za ka ga launin bulon ya bambanta: na ƙasa ya yi baƙi da ruwan sama, na sama kuma fari ne. Kowane sahu shaidar wata kaka ce.

A 'yan shekarun nan gine-gine da yawa sun tsaya a inda kakar ƙarshe ta bar su. Ciyawa ta fito a tsakar ɗakin da ba a taɓa kwana a ciki ba, awaki na fakewa a gindin bango.

Masu karatun tattalin arziki sukan kawo misalin Amurka a 2008, lokacin da mutane suka kasa biyan bashin da suka ci a banki suka sayi gidaje, bankuna suka ƙwace, farashi ya rushe, abin ya girgiza duniya. Namu ba ta wannan ƙofar yake shigowa ba. Ɗan Kuyello ko Randagi bai ci bashin banki ya yi gini ba, kuma galibin gidajen karkara ba su da takardar mallakar da banki zai karɓa a matsayin jingina. Gona ce bankinsa, sai saniyar da ke turke, sai hanyar da ke kai kayansa kasuwa. In ɗaya ta taɓu gini ya yi jinkiri. A Birnin Gwari dukansu uku aka taɓa lokaci guda.

Ƙasar ta yi suna da masara da shinkafa da dawa da waken soya, ga kara inda ake hadahadar shanu, ga kuma babban titin da ya taso daga Kaduna ya bi ta Buruku da Udawa, ya ratsa garin ya nufi Tegina, tsohuwar hanyar manyan motoci zuwa Legas. Dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara, kuma wannan yalwar daji da a da take arziki ita ta zama maɓoyar 'yan bindiga. Mutane ba su manta da harin Dogon Dawa na watan Oktoba 2012 ba, balle na Gwaska a watan Mayu 2018, inda aka kashe gomman mutane a rana guda. Manomi ya koma ba ya shiga gonarsa sai ya biya haraji ga mutanen daji, wani lokaci ya sake biya kafin a bar shi ya girbe. Tafiyar kilomita 120 ko makamancin haka zuwa Kaduna ta zama sai da rakiyar sojoji, sai da addu'a. Direban tirela da ya daina bin hanyar ya tafi da cinikin mai tuwo, da na mai shayi, da na mai facin taya.

Sai kuma matakan da gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta ɗauka a 2021 don toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya: aka dakatar da kasuwannin mako-mako a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, aka hana jigilar dabbobi da sayar da fetur a jarka, aka hana hawa babur, aka katse layukan waya na tsawon makonni. Ko me mutum zai ce game da manufar, ranar kasuwa ita ce ranar albashin ƙauye. Ɗan dako a ranar yake samun na mako. Mai awo, mai waina, dillalin awaki, telan da ke jiran a zo karɓar ɗinki, duk ranar suke jira. Telan nan kuwa da kuɗin ranar kasuwa yake biyan hayar shago, mai shagon kuma da hayar yake sayen simintin ƙarasa ɗakin ɗansa da za a yi wa aure. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai shi ne yadda kasuwar gidaje ta rabu biyu. A ƙauyukan da aka watse, gida mai ɗaki shida da rijiya da rumbuna ya zama ba shi da mai taya, ko kyauta ka bayar ba mai zama. A cikin garin Birnin Gwari kuwa, inda ake ganin akwai jami'an tsaro, ɗaki ɗaya ya zama abin nema ruwa a jallo. Iyalin da suka saba da faffaɗar tsakar gida suka cure a ɗaki guda, zaure ya koma wurin kwana, shagon da ciniki ya mutu a cikinsa aka rataya masa labule. Kuɗin haya ya hau a daidai lokacin da aljihu ya bushe.

Kada a ɗauka masu gidajen haya sun kuɗance. Da yawa daga cikin waɗanda suka cika ɗakunan 'yan'uwa ne, ɗiyar ƙanwa da 'ya'yanta, ko surukin da aka kora daga gonarsa, kuma ba a yi wa irin waɗannan maganar haya. Wanda ma ba dangi ba, ina za ka kai shi ƙara alhali kowa ya san abin da ya fito da shi? Masu hali kuma, waɗanda da su ne za su gina sababbin ɗakuna, sun fi kowa zama abin farauta, don haka da yawa suka kwashe iyali suka koma Kaduna ko Zariya ko Funtuwa, kuɗinsu ya bi su. Fulotin da aka saya a Mando ko Rigasa cikin Kaduna da kuɗin masarar Birnin Gwari, ai bulon Birnin Gwari ne aka ɗora a wani gari.

Akwai kuma cinikin da ba a son tunawa da shi. An ɗauke mutum, an ba da wa'adin kwanaki, an riga an sayar da shanu da babur da abin da ke rumbu, kuɗin fansa bai cika ba. Sai a aika a kira dillali bayan sallar isha'i. Wan wanda aka sace yana zaune a kan tabarma, kansa a ƙasa.

"Malam, gonar nan ta bakin rafi, a samo mana mai saye kafin Juma'a."

"Yaya, ka san halin da ake ciki. Wanda ke da kuɗi a hannu yanzu, abin da ya ga dama zai taya."

"Ko nawa ne, a kawo."

Wannan "ko nawa ne" ita ke karya farashin unguwa gaba ɗaya. Gobe idan maƙwabci ya tashi sayar da tasa gonar don wata lalura, da wancan cinikin za a auna masa. Mai saye ba lallai mugu ne ba, wani ma taimako yake ganin ya yi, amma sakamakon ɗaya ne: ƙasa tana barin hannun masu yawa tana taruwa a hannun 'yan kaɗan. Faɗuwar wani tashin wani.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A farkon 2023 canjin takardun naira ya janyo ƙarancin tsabar kuɗi, a yankin da kusan kowane ciniki hannu da hannu ake yinsa. Ranar 29 ga Mayu na shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. Darajar naira ta zube, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Siminti da rodi da kwano duk daga nesa ake kawo su, kuma direban da ya yarda ya bi hanyar daji sai ya ɗora kuɗin kasadarsa a kai. Aka wayi gari gina sabon ɗaki ya ninka tsada, tsohon gida a ƙauye kuma ya faɗi. Birkila da kafinta da leburan da ke kwaɓa siminti suka rasa aiki. Wasu suka nufi ramukan haƙar zinariya da yankin ke da su, wasu suka tafi birni acaba ko dako. Magini kuwa idan ya bar gari ba ya dawowa da wuri.

A watan Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka sanar da sulhu da wasu shugabannin 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanun da ta daɗe a rufe. Motoci suka dawo hanya, mutane suka fara komawa gonakin da suka shekara da shekaru ba su taka ba. Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, wanda ya daɗe yana kokawa kan halin da talakawansa ke ciki, ya ga ranar da ake loda shanu a garinsa kuma. Ni dai ina cikin masu murna da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da zuciya, don an sha yin sulhu a Zamfara da Katsina ya warware.

Ko da zaman lafiyar ya ɗore, farashi ba ya dawowa da adalci. Fili ne ke fara tashi, tun kafin aljihun manomi ya farfaɗo, kuma wanda ya sayar a daren wa'adi ba zai iya fanso gonarsa da abin da aka ba shi ba. Ga shi a 2025 farashin hatsi ya faɗi warwas alhali taki bai sauko ba, wato manomin da ya koma gona ya noma da tsada ya sayar da araha. Sannan rigingimu na nan tafe gaban dagatai da alƙalai. Gonar da aka karɓi kuɗi a kanta cikin gaggawa, sayarwa aka yi ko jingina? Wan da ya sayar, da yawun sauran magada ya yi? Shaidun da aka yi abin a gabansu, wani ya rasu, wani yana Kaduna. Duk wanda ke da irin wannan ciniki a wuyansa, mai saye ne ko mai sayarwa, gara ya tara shaidu da mai unguwa tun yanzu a rubuta, a bi iyakoki a kafa alama, tun kafin kuɗin filin ya kai inda zumunci ba zai iya ɗauka ba.

Wanda bai sayar da komai ba ma ba gidansa zai tarar yadda ya bar shi ba. Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara, damina biyu ba kulawa ta isa ta kwantar da katanga. Kwanon an ɓalle, ƙyauren an cire, gara ta cinye katako. Zai fara daga harsashi, kuma kafin ya kira magini sai ya zauna ya lissafa buhun masara nawa ke sayen bandir ɗin kwano ɗaya a bana.