Makullin mota ya cije: gyaran kwaɗo ko haɗa waya?

Direban da ya gama lodin rake a Kudan, ko ya cika fasinja a Hunkuyi zai nufi Zariya, ya zura makulli ya murɗa ya ji ya cije, shawara biyu 'yan tasha kan ba shi. Wasu su ce a lallaɓa kwaɗon, a gyara shi ko a sauya. Wasu su ce a kira mai rewaya ya zaro wayoyin da ke bayan kwaɗon, ya haɗa su da makunni, mota ta riƙa tashi ba tare da makulli ba. Kowane ɓangare yana da hujjarsa.

Masu gyara sukan fara da neman abin da ya riƙe makullin. Sau da yawa kwaɗon lafiyarsa ƙalau, sitiyari ne ya kulle. Idan an kashe mota taya na karkace, ko ta tokari dutse, sakatar da ke kulle sitiyari takan matse har makulli ya kasa janye ta. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo: a riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama, ana murɗa makulli a hankali. Mota mai otomatik kuma a duba ko giya ta zauna daram a kan P. In duk wannan bai yi ba, to ko haƙoran makulli sun cinye, ko ƙurar hunturu ta cushe ƴan ƙarafan cikin kwaɗon. A gwada makullin ajiya, a goga masa bakin fensir ya yi santsi. Baƙin mai kuwa ƙura yake kamawa, ya daskare a ciki. Wanda ya ɗauko filaya don ya nuna ƙarfi, yawanci rabin makulli yake ƙarewa da shi a hannu.

Sai dai gyara yana cin lokaci. Mai yanka makulli na kirki ba a kowane gari yake ba, sau da yawa sai an hau mota zuwa Sabon Garin Zariya. Mai tumatir daga Ikara ba shi da wannan sararin, don kayan gwari ba sa jiran kowa. Nan ne haɗa waya ya fi: nan take, a gefen titi, da kuɗi kaɗan, kuma tsofaffin motoci irin su Peugeot J5 ba sa gardama.

Amma sauƙin yana da tsada a ɓoye. Waya tana tada inji, ba ta janye sakata. Idan ba a cire sakatar ba, sitiyari zai iya kullewa mota na tafe, kuma wanda ya san yadda tireloli ke gudu a wajen Tashar Yari ya san abin da hakan ke nufi. Idan kuma an cire ta, mota ta zama ta duk wanda ya buɗe ƙofa. Ga wayar da aka murɗe da hannu aka naɗe da leda, tana iya zuƙe batir cikin dare, ko ta yi zafi ta kama wuta. Wani abin kuma: tun 1998 Tarayyar Turai ta wajabta na'urar hana sata a sababbin motoci, don haka yawancin motocin Turai ƴan Kwatano da suka fito bayan nan suna da ɗan ƙwayar lantarki a kan makulli. Irin waɗannan, ko an haɗa waya, inji ba zai kama ba sai ya ji makullinsa a kusa.

A ganina gyara ya rinjaya, musamman ga motar da ke ɗaukar rayukan mutane. Haɗa waya yana da gurbinsa idan dare ya yi a daji ko kaya za su lalace, da sharaɗin an tabbatar sitiyari ya saki gaba ɗaya, kuma da an sauke kaya a wuce gareji a sa sabon kwaɗo.