Tsohon Gidan Katako Na Hayin Anacha

Fataken Arewa masu kawo albasa da wake da busasshen kifi Babbar Kasuwar Anacha, da yawansu ta Asaba suke bi su hau gadar Kwara. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa a garin nan akwai wani tsohon gida wanda tarihinsa ya shafi ƙasarsu.

Ana kiransa Gidan Mungo Park, ko da yake Baturen bai taɓa ganinsa ba, don ya mutu a Busa tun cikin 1806. Kamfanin Royal Niger ne ya kafa shi cikin 1886, zamanin Sarauniya Biktoriya, shekarar da Gwamnatin Ingila ta ba kamfanin iznin ciniki da mulki a bakin Kwara da Binuwai. Asaba ce ta zama hedkwatarsa.

Gidan bene ne na katako. An yanko katakon an daidaita shi tun daga Turai, aka kawo cikin jirgin ruwa, aka harhaɗa a nan. Haka Turawan lokacin suke yi a ƙasashe masu zafi: su kwana a sama inda iska take, nesa da laima, ga baranda mai tare rana. Tsohon gidan Razdan na Kalaba, na 1884, shi ma haka aka kawo shi.

Wannan kamfani na Sir George Goldie shi ne ya yi da'awar yarjejeniya da Sakkwato da Gwandu. Sojansa, waɗanda akwai Hausawa da yawa a cikinsu, su suka ci Bida da Ilori cikin 1897. Ran 1 ga Janairu, 1900, Gwamnatin Ingila ta karɓi mulki, ta biya kamfanin fam 865,000, Gwamna Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja.

Daga baya gidan ya koma hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar soja ta 1979 ta kafa, aka mai da shi gidan tarihi. To, amma doka ba ta hana gara cin katako, ba ta kuma tare ruwan damina. Ginin ƙasa in ya zube a yi masa yaɓe. Katakon da ya shekara fiye da 130 in ya ruɓe, ko an sa sabo ba shi ba ne. Saboda haka gyaransa a kan lokaci ya wajaba, kuma ya kamata shugabannin Hausawan Anacha da Asaba su sa baki.